Mafaka a Kan Dutse: Tsarin Gini Mai Ɗorewa Daga Tsaunukan Turai Zuwa Duwatsun Ƙasar Katsina

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce, "Tun ran gini, ran zane." Wato duk abin da ake so gini ya kasance, tun ranar da aka fara shi ake shirya masa. A wannan babi za a dubi wani nau'in gini da ba mu da shi a ƙasar Hausa, wato mafakar da ake ginawa a kan tsaunuka masu dusar ƙanƙara domin masu wasan zamiya da masu hawan dutse. Daga nan sai a kwatanta dabarun da ake bi wajen tsara ta da waɗanda maginan Hausawa suka gada. Za a ɗauki yankin 'Yargoje da ke Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, tare da maƙwabtansa na Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina, a matsayin fagen misali.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da gidan da ke cikin dusar ƙanƙara? Dalili na farko shi ne, matsalolin da mai gini a kan tsauni yake fuskanta, irin su nisa da tsadar dako da tsananin yanayi, su ne dai suke fuskantar mai gini a ƙauye. Na biyu kuwa, sana'ar gini rumbu ce ta kalmomi, kuma kalmomin nan suna ɓacewa tare da ɓacewar sana'ar.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar mafaka ta samo asali daga aikatau fake. An yi mata ɗafa-goshi na ma- da ɗafa-ƙeya na -a, kamar yadda ake samun makaranta daga karanta, ko majema daga jeme. Saboda haka mafaka na nufin wurin da ake fakewa daga ruwa ko rana ko iska ko wani abin tsoro. Ta bambanta da gida, domin gida wurin zama ne na dindindin, ita kuwa mafaka ta ɗan lokaci ce, kuma galibi ta kowa da kowa ce.

Kalmar ƙanƙara tana da ma'ana fiye da ɗaya. Tana nufin ƙanƙarar da ke faɗowa tare da ruwan sama, da ruwan da ya daskare, da kuma dutsen da ake ƙyasta wuta da shi. Da Hausawa suka ji labarin farin abin nan da ke zuba a ƙasashen sanyi, sai suka kwatanta laushinsa da dusa, suka ce dusar ƙanƙara. Wasan zamiya kuwa shi ne sulalowa daga kan tsauni bisa dusar ƙanƙara, da wasu dogayen alluna guda biyu ɗaure a ƙafa.

Gini mai ɗorewa, a ma'anar da masana suke amfani da ita a yau, shi ne wanda yake biyan buƙatar masu shi ba tare da ya cinye rabon 'yan baya ba. Bai tsaya ga daɗewa kawai ba. Ana duba inda aka samo kayansa, da makamashin da yake ci, da ruwan da yake sha, da kuma abin da zai bari a ƙasa idan ya rushe.

3.0 Mafakar Tsauni a Turai

Tsaunukan Alps sun ratsa ƙasashe da dama, ciki har da Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya. Duk hawan mita 1,000 da mutum ya yi, ma'aunin zafi kan sauka da kimanin digiri 6.5. Wanda dare ko guguwa ta riska a can sama ba tare da wurin fakewa ba, yana iya rasa ransa kafin gari ya waye. Wannan ya sa tun ƙarni na 11 aka kafa masaukin matafiya a mashigin tsauni na Babban San Barna, tsakanin Suwizalan da Italiya. A shekarar 1863 aka kafa Ƙungiyar Masu Hawan Tsaunuka ta Suwizalan, wadda a yau take da irin waɗannan mafaka kimanin 150.

3.1 Mafakar Monte Rosa

Fitacciya daga cikinsu ita ce sabuwar mafakar Monte Rosa da ke kusa da garin Zermatt, a tsayin mita 2,883 daga doron teku. An buɗe ta a shekarar 2009, bisa haɗin guiwar ƙungiyar da aka ambata da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Zurik. Tana da wurin kwanan mutum 120. Masu zamiya suna sauka a cikinta a ƙarshen lokacin sanyi, masu hawan dutse kuma a lokacin zafi. Babu hanyar mota zuwa wurin, babu wayar lantarki, babu famfon gari. Ga yadda aka warware waɗannan matsaloli:

(a) Kayan gini: An sassaƙa sassan ginin da katako a can ƙasa, sa'annan jirgi mai saukar ungulu ya riƙa ɗaukar su zuwa sama ana harhaɗawa. An zaɓi katako saboda rashin nauyinsa, domin kowane kilo kuɗi ne.

(b) Siffa: An yi ginin a dunƙule mai kusurwoyi da yawa, aka lulluɓe shi da farantan alminiyam. Dunƙulallen gini ba shi da faɗin jikin da ɗumi zai tsere ta ciki, kuma iska ba ta samun wurin kama shi.

(c) Makamashi: An jera farantan hasken rana a bangon kudu, inda rana ta fi bugawa, ana tara wutar a batura. Burin masu tsarin shi ne ginin ya samar wa kansa kashi 90 cikin 100 na makamashin da yake buƙata.

(d) Ruwa: Ana tara ruwan ƙanƙarar da ta narke lokacin zafi a wani kogo da aka fafe cikin dutse sama da ginin. Ruwan da aka yi amfani da shi kuma ana tace shi a sake amfani da shi a makewayi.

3.2 Mafakar Goûter

A Faransa, a kan hanyar hawa tsaunin Mon Bulan, akwai mafakar Goûter da aka buɗe a 2013, a tsayin mita 3,835. An yi ta da siffar ƙwai domin iska mai ƙarfi ta riƙa zamewa ta gefenta. Ƙashinta katako ne, fatarta kuwa ƙarfe ne marar tsatsa.

Waɗannan tsare-tsare sun ƙara muhimmanci saboda ɗumamar duniya. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na girmansu. A watan Mayun 2025 kuma wani ɓangaren tsauni da ƙanƙara ya rikito ya binne mafi yawan ƙauyen Blatten, bayan an riga an kwashe mazauna. Ashe ke nan, zaɓen wurin gini shi ne matakin farko na tsira.

4.0 Mafaka a Al'adar Hausawa

Ƙasar Hausa ba ta da tsaunuka irin na Turai. Tsauni mafi tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419 ne, kuma dusar ƙanƙara ba ta rufe shi. Amma muna da manyan duwatsu da suke tsaye a tsakiyar fili, kuma tarihin garuruwanmu da dama a gindinsu ya faro. Akwai Dala a Kano, da Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, da Kwatarkwashi a Zamfara. Mutanen da suka zauna kusa da su sun sami tsaro, da ruwan da ke taruwa a gindin dutse, da ƙasa mai albarka. Kudu maso yammacin Jihar Katsina, inda Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke, yana da irin waɗannan duwatsu da fakon ƙasa a warwatse cikin gonaki da dazuzzuka.

Bahaushe yana da nau'o'in mafaka daidai da buƙatunsa:

Zango: wurin da ayarin fatake yake yada kaya ya kwana. Sunan ya bi Hausawa har Gana da Togo, inda ake kiran unguwannin baƙi da shi.
Zaure: ɗakin shiga gida, wanda kuma shi ne masaukin baƙo da makarantar allo da wurin sana'a.
Bukka: ɗan ɗakin kara da ciyawa da manomi yake yi a gona mai nisa, ko makiyayi a ruga.
Rumfa: inuwar da ake kafawa da dirkoki a rufe da zana ko kara, a kasuwa ko a bakin hanya.

5.0 Ƙa'idojin Gini Mai Ɗorewa

5.1 Zaɓen Wuri da Fuskantarwa

Kamar yadda mai gini a Alps yake guje wa hanyar da ƙanƙara take gangarowa, haka magini Bahaushe yake guje wa kwari da fadama da hanyar ruwa. Wanda zai yi gini a gindin dutse dole ya san cewa dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya sauka a kansa gangarowa yake yi gaba ɗaya, don haka a kan tudu ake kafa harsashi, a kuma yi wa ruwan hanya. Haka nan, hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa da iska, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Shi ya sa bangon gabas ya fi saurin zaizayewa, kuma magina suka fi son ƙofar zaure ta kauce wa wannan sashe.

5.2 Kayan Gini na Kusa

Wannan ita ce ƙa'idar da Bahaushe ya fi ƙwarewa a kanta. Ƙasar gini daga kududdufin bayan gari ake haƙo ta, a jiƙa, a zuba mata ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. Da ita ake mulmula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Babu itacen da aka ƙona wajen yin sa. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma an san ta da jure wa gara. Makuba daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta, ana shafe bango ko daɓe da ita domin ta hana ruwa shiga. Katsi kuwa shi ne abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar marina. Idan aka haɗa shi da gashin majema da ruwan dafara sai a sami laso, wanda ake shafe rufin soro da shi. A nan za a lura da yadda sharar wata sana'a take zama kayan aikin wata. Marini da majemi da magini kowa na cin moriyar ɗan'uwansa. Yankin Ƙanƙara kuma an san shi da farar ƙasa, wadda ake shafe ɗaki da ita ya yi haske.

Idan aka kwatanta da siminti, bambancin a bayyane yake. Sai an gasa dutse da wuta mai tsananin zafi kafin a sami siminti, kuma masana sun ƙiyasta cewa sarrafa shi ne yake haifar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam yake fitarwa a duniya. Ga kuma kuɗin dako daga masana'anta zuwa ƙauye.

5.3 Siffa da Rufi

Azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta wuce kimanin mita 2. Wannan iyaka ce ta haifar da gwanintar maginan Hausa. Sukan jera gajerun azaru suna fitowa daga bango, kowace tana ɗan wuce ta ƙasanta, a ɗaure su, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a sama su zama baka. Irin wannan shi ake kira bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, sai a sami ɗaurin guga. Mafi shahara a wannan fanni shi ne tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a farkon rabin ƙarni na 19.

Zagayayyen ɗaki mai jinka kuma yana da hikima iri ɗaya da ta mafakar Goûter. Ba shi da kusurwar da iska za ta kama, kuma gangaren jinkar yana zubar da ruwa nan take. A soro kuwa, indararo ne yake tura ruwa nesa da bango.

5.4 Zafi da Sanyi

Mai gini a kan tsauni yana so ya tsare ɗumi a ciki. Mai gini a 'Yargoje yana so ya tsare zafi a waje a watannin Maris da Afrilu, ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu. Katangar ƙasa mai kauri tana yin aikin biyu. Da rana tana shan zafi a hankali, ba ya isa ciki sai bayan sa'o'i. Da dare kuma, lokacin da gari ya yi sanyi, sai ta riƙa sakin ɗumin. Ƙananan tagogi da ake yi a can sama suna fitar da iska mai zafi, su kuma rage ƙura. Duk wanda ya taɓa yin ƙailula a soro, ya kuma yi a ɗakin bulo mai rufin kwano marar silin, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Gani ya kori ji.

5.5 Ruwa da Makamashi

A wannan fanni ne muke da abin koyo. Kudancin Jihar Katsina yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, amma kusan duka a cikin watanni biyar yake sauka. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 50 yana karɓar kimanin lita 50,000 a shekara, wadda mafi yawanta bin ƙasa take yi tana cin gindin bango. Da za a haɗa indararo da kwatami mai murfi, da an kashe ƙishirwa an kuma kare ginin. Fuskar dutse ma babban rufi ce da za a iya tare ruwanta, kamar yadda aka yi a Monte Rosa. Game da hasken rana kuwa, abin da Turawa suke nema da wahala, mu a yalwace muke da shi. Faranti ɗaya ko biyu sun isa su ba da fitila su kuma yi cajin waya.

5.6 Kulawa

Raunin ginin ƙasa shi ne ruwa. Yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, da duba indararo da toshe tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A da, wannan aiki na gayya ne, kuma Sarkin Magina yana lura da ingancin aikin 'yan sana'arsa. Da gayya ta yi rauni, sai aka riƙa ɗora wa ƙasa laifin da na sakaci ne. Wani kuskuren da ya yawaita shi ne shafe katangar ƙasa da siminti. Siminti ba ya barin danshi ya fita, kuma ba ya kama ƙasa da kyau, sai ya ɓamɓare ya bar bangon a jiƙe. Alherin ginin ƙasa na ƙarshe shi ne, idan ya rushe ƙasa yake komawa, a sake kwaɓa ta ko a noma wurin.

6.0 Haɗa Tsoho da Sabo

Ba a cewa a koma jiya gaba ɗaya. Giginya ta yi ƙaranci, marina da yawa sun mutu, yawan jama'a kuma ya ƙaru. Amma akwai misalai a ƙasar Hausa da suka nuna cewa ana iya haɗa gadon da ilimin zamani. A garin Yama na Jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aikin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta tsarin gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, a cikin jihar dai, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun tsara sabon masallaci da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Mai son ganin samfurin gine-ginen gargajiya kuwa, akwai gidan adana su a Jos, wanda Zbigniew Dmochowski ya yi wa hidima.

Bisa waɗannan misalai, mafakar da za ta dace da manomi ko matafiyi a yankin 'Yargoje ita ce mai harsashin dutse da ya ɗaga sama da ƙasa, da katangar tubali mai kauri, da rufi mai baki da ya fito ya kare bango. Idan kwano za a sa, a yi masa silin na zana ko kara a bar sarari a tsakani domin iska ta ratsa. A haɗa da kwatamin ruwa da farantin hasken rana, a kuma dasa itatuwa a sashen gabas su karya iska.

Wannan magana ba ta nishaɗi ba ce a yankin. Sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da harin da aka kai 'Yargoje a Yunin 2024, suna cikin abubuwan da suka nuna irin halin da jama'ar wurin suka shiga. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu, gidajen da aka bari babu yaɓe kuma damina ta ci su. Wanda ya dawo gida hannu wofi ba shi da kuɗin siminti da rodi. Abin da yake da shi shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, da sanin yadda ake sarrafa ta, muddin sanin bai mutu ba.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa mafakar tsauni a Turai da soron Bahaushe sun bambanta a kaya da yanayi, amma ƙa'idojinsu ɗaya ne: a san wuri, a yi amfani da abin da ke kusa, a bar siffar gini ta bi iska da rana, a tattala ruwa, a kuma kula da ginin. A nan aikin malamin Hausa yake shigowa. Yaron da bai taɓa jin makuba ko laso ko ɗaurin guga ba, ba zai nemi sanin yadda ake yin su ba. Ya kamata ɗalibi mai shirin zama malami ya je wurin tsofaffin magina na garinsu, ya rubuta kalmominsu da bayanin aikinsu tun suna raye, ya kuma kai su aji.

Tambayoyi

1. Yi bayanin ƙirar kalmar mafaka, ka kawo wasu kalmomi biyar masu irin wannan ƙira.
2. Kawo dabaru huɗu da aka bi wajen tsara mafakar Monte Rosa, ka kwatanta kowace da takwararta a ginin Hausawa.
3. Mene ne bambanci tsakanin makuba da katsi da laso?
4. Idan rufi yana da faɗin murabba'in mita 30, lita nawa zai karɓa a shekarar da aka yi ruwa milimita 900?
5. Ziyarci wani magini na gargajiya a garinku, ka tattaro kalmomi ashirin na sana'arsa tare da ma'anoninsu.